Kujerar Bakin Taga

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da kwamfuta ke da ƙatuwar ƙeya, ana ce masa Malam Haladu. Aikinsa buga takardu a wani ofis. Ku saurara, jama'a, don na ga wasu sun fara gyangyaɗi.

Ɗakin aikin nan mutum goma sha biyu ne, kowa da kwamfutarsa, ga rufin kwano. Manaja ya sa an toshe tagogi wai kada ƙura ta lalata injunan, aka bar guda ɗaya tak. In rana ta take, injuna na huci, mutane na huci, fanka ɗaya tana ta juya zafin kamar mai tuƙa tuwo. Kafin azahar kan kowa ya sara.

To al'adar wurin, kujerar bakin taga ta wanda ya fi daɗewa ce, sai ya yi ritaya na bayansa ya hau. Shekara goma sha huɗu Malam Haladu yana matsowa, kujera bayan kujera. Ran da ta zo kansa har sabuwar hula ya sa. Ya zauna, iska ta bugi fuskarsa, ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sai ya ji tari daga ƙuryar ɗaki. Wata sabuwar ɗauka ce, Baraka, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, ga ciwon asma. Kujerarta ce ta ƙarshe, inda injuna ke feso zafinsu. Bini-bini takan fita shan iska, har manaja ya ce in ta sake fita kada ta dawo. Don haka ranar ta zauna daram, ƙirjinta na ƙugi, tana buga aiki tana share hawaye.

Malam Haladu ya miƙe ya ce, "Baraka, taso ki zauna nan."

Sallau, wanda ke biye masa a layi, ya zabura. "Haba Malam! In ba ka so, ai tawa ce."

"Wa ya ce maka ba na so? Wallahi ina so. Tawa ce, kuma na ba ta."

Manaja ya ce, "To ka sani musaya ce. In ka koma ƙurya, ka koma ƙarshen layi."

Shekara biyar ta rage masa ya yi ritaya, jama'a. Ya san ba zai sake zagayowa ba. Ya dubi tagar nan, ya daɗe yana dubanta, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Sannan ya tattara takardunsa.

Baraka ta ce, "Baba, ba zan iya karɓa ba."

Ya ce, "'Yar nan, ni gumi kawai zan yi a can. Ke kuwa numfashi kike nema. Zauna."

Haka ya ƙare aikinsa a ƙuryar nan, da tawul a wuya, bai taɓa yi mata gori ba. Ita kuwa ta riƙe aikinta har ta raini marayunta. Allahu Akbar! Jiran shekara goma sha huɗu, ko wuni ɗaya bai yi a bakin tagar ba.

To ku ji, kyauta ta gaskiya ita ce ka ba da abin da ranka ke so, ba wanda ka gama da shi ba. Mu fa? Nan masallacin nake ganinku kuna rige-rigen gindin fanka, dattijo ya shigo yana haki, kowa ya sunkuyar da kai wai yana tasbihi. Gobe in ka samu wuri mai iska, waiga baya ka ga wa ke neman numfashi. Allah Ya ba mu ikon tashi.