Bencin Da Ya Tare Ƙofar Baya

Akwai wata mata a unguwar New Bell ta Douala, sunanta Mardiya, wadda Allah ya yi wa baiwar tambaya. Ko gishiri ta je saye, sai ta ji daga wane gari aka kawo shi. 'Yan gidansu sun gaji da ba ta amsa, har suka laƙaba mata suna Malama Don-me.

Yayanta Jibirilla yana da bas da yake kwasar mutanen unguwa in ana biki ko suna. Mutumin kirki ne, bakinsa ba ya iya cewa a'a. Don kada a bar kowa a ƙasa, ya sa aka ƙera masa dogon benci, ya ɗaure shi da kusoshi daidai bakin ƙofar baya, wadda aka rubuta wa "Sortie de secours", wato ƙofar ceto, da jan fenti. Bencin ya zama wurin mahaifiyarsu, Tsohuwa, don ta ce nan kaɗai take samun miƙe ƙafa.

Wata safiya Mardiya ta tarar da shi yana fama da sifana, yana kwance bencin, gumi na zuba.

"Yaya, me bencin Inna ya yi maka?"

"Bizit zan kai motar. Masu duba lafiyar motoci ba sa yarda su ga wani abu ya tare ƙofar nan. In sun gama, sai in mayar."

"Ashe ƙofa ce ta gaske? Ni na ɗauka ado ne. Yaya ake buɗe ta?"

Ya yi tsaki, amma ya nuna mata: a ɗaga jan ƙarfen sama, a tura da kafaɗa. Ta gwada, ta rufe, ta sake gwadawa, sai da ya kore ta.

Da la'asar ya dawo cikin fara'a, mota ta ci jarrabawa. Ya jawo benci zai mayar, sai ga Mardiya a kansa.

"Yaya, su masu bizit ɗin, suna shiga motarka su yi tafiya?"

"Su je ina?"

"To don wa aka yi ƙofar?"

Jibirilla ya ce ta tafi ta ba shi wuri. Ya ɗaure bencinsa. Ita kuwa tambayar ta ƙi barin ranta, domin duk lokacin da ta tuna, fuskar mahaifiyarta take gani a bakin ƙofar da ba ta buɗuwa.

Ranar da za a je suna a unguwar Sodiko, mata suka fito cikin anko, kulolin abinci a hannu. Mardiya ta tsaya a bakin mota ta ce Inna ba za ta shiga ba sai an cire bencin.

Zo ka ji surutu! Hapsatu, maƙwabciyarsu, ta ce, "Haba Don-me, shekara nawa muna hawa motar nan, me ya taɓa faruwa? So kike mu tarar an cinye waina?"

Tsohuwa ma ta harare ta. "Ke dai tun kina ciki kike damuna."

Mardiya ta ji kunya ƙwarai, amma ba ta gusa ba. Da Jibirilla ya ga rana na yi, ya ɗauko sifana yana ƙunƙuni, ya kwance bencin ya jingine a bangon gida. Da wurin zama ya yi kaɗan, 'yan mata suka hau bensikin, wato babur ɗin haya. Tsohuwa ta zauna a kujerar kusa da baya tana mita, Mardiya kuma ta sa aka ɗora kuloli a cinya, aka bar hanya fili.

Suna haye gadar Wouri suka faɗa cunkoson Bonabéri. Motoci sun matse, wata babbar motar katako ta rakuɓo jikin bas ɗin har ta danne ƙofar gaba.

Sai aka ji ƙauri. Kafin a ce me ke ƙonewa, hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin kujerar direba. Jibirilla ya tura ƙofar gaba, ta bugi jikin motar katako ta tsaya. Ya fizgo jar kwalbar kashe wuta ya matsa, ba abin da ya fito. Mata suka ɗauki salati da kururuwa.

Mardiya ta yi wajen ƙofar baya, hannunta ya tuna. Ta ɗaga jan ƙarfen, ta tura da kafaɗa, ƙofa ta wangale.

"Inna tukuna! A hankali, ɗaya bayan ɗaya!"

Mutanen kan hanya suka tallabi Tsohuwa suka sauke ta. Sauran suka biyo, Hapsatu babu ɗankwali, babu takalmi ɗaya. Jibirilla ne ya fito a ƙarshe yana tari. Jama'a suka taru da yashi da ruwa suka kashe wutar, bayan ta cinye gaban motar.

Jibirilla ya tsaya yana kallon ramukan kusoshin da ke bakin ƙofar. Ya tuna yadda ya sha wahala da sifana kafin su kwance, ya kalli mahaifiyarsa zaune a gefen titi da ranta. Sai ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta, yana kuka kamar yaro.

Da ya ɗago kai, ya ce, "Don-me, akwai sauran tambaya?"

Ta share hawaye. "Akwai, Yaya. Jar kwalbar nan, yaushe rabon da wani ya duba cikinta?"

Wannan karon ba wanda ya yi mata dariya. Bencin yana nan a ƙofar gidansu, a kansa Tsohuwa take miƙe ƙafa da yamma.

Darasi: Ƙofar ceto ba don idon masu dubawa aka yi ta ba, don ran mutanen da ke cikin mota ne. In ka shiga bas, duba inda take, ka tambayi yadda ake buɗe ta, kada ka yarda a tare ta da kujera ko kaya. Kuma kada mu raina mai tambaya. Ku tura wa direbobi da matafiyan da kuke ƙauna.