Rumbun da Ba a Rubuta Ba

Ranar da na fara haɗuwa da Dogara, a gindin mangwaron coci ne, bayan sujada. Na tambaye shi aikinsa. Ya ce akwai manhajojin lissafin kuɗi da yanzu ake aika na'ura mai basira ta yi aiki da su ita kaɗai. Shi kuwa yana duba takardar bayanin da aka rubuta mata, ya ga ko za ta ishe ta.

Na ce, "In tana da basira, me ya sa sai an rubuta mata?"

Ya ce, "Basirar baƙo gare ta, Kyauta. Ta iya aiki, amma ba ta san gidan ba."

Ban gane ba. Shekara guda ina juya maganar, sai Lahadin da ta wuce na mai da ita misali ga ajin 'yan matan da nake koyarwa a coci.

Akwai wani mutum mai rumbuna uku. Biyu na ci ne, ƙaramin na baya kuwa na iri. Da tafiya ta kama shi da matarsa, sai ya ɗauki wani baƙo mai aminci ya tsare masa gida. Ya rubuta masa takarda cewa, "Duk wanda ya zo daga cikin 'yan'uwana, ka auna masa dawa. In rumbu ya ƙare, ka buɗe na gaba."

Matar ta leƙa ta ce, "Maigida, ba ka sa zancen iri ba."

Ya ce, "Haba! Ko akuyar gidan nan ta san ba a taɓa ƙaramin rumbu."

Shekarar ta zo da wuya. Rumbu na fari ya ƙare, na biyu ya bi shi. Baƙon ya tsaya gaban na uku, ya ga an liƙe bakinsa da laka, sauran kuwa ba haka suke ba. Zuciyarsa ta rabu biyu. Ya karanta takardar sau uku. Ya tambayi masu jiran awo, duk suka sunkuyar da kai, gama yunwa suke ji. Sai ya fasa lakar.

Maigida ya dawo ranar da ruwan fari ya sauka. Ya zura hannu cikin ƙaramin rumbu, ya taɓo ƙasa.

Ya ce, "Me ka yi mini?"

Baƙon ya miƙa masa takardar ya ce, "Ranka ya daɗe, nuna mini inda na tsallake."

Maigida ya karanta, ya juya bayanta, babu kome. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ruwa yana jiƙa gonar da ba shi da abin shuka mata.

Rifkatu, ƙanwar Dogara, ta ɗaga hannu. "Malama, to laifin wa?"

Na buɗe baki in ce na maigida, sai na tuna lakar da baƙon ya gani. Na so in ce na baƙo, sai na tuna takardar. Ga kuma 'yan'uwan da suka yi shiru. Na ce mata gaskiya ban sani ba, amma na san wanda ya rasa iri.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙaramin rumbu shi ne abin da ya fi daraja a zuciyarki. Takardar ita ce maganar bakinki. Baƙon kuwa kowa ne, har wanda yake ƙaunarki, gama ba a cikin zuciyarki aka haife shi ba. Mukan liƙa laka mu ce ai alama ta isa. In kin yafe wa 'yar'uwarki, ki faɗa mata. In kin ce za ki bi Ubangiji, ki furta. Kada ki auna bayaninki da abin da ke kika sani. Ki auna shi da abin da baƙo zai yi in shi kaɗai ke hannunsa.

Ina faɗar haka sai na ga ashe da kaina nake. Dogara ya sami aiki a Legas. Mako uku ke nan da ya tambaye ni ko zan jira shi har iyayensa su zo gidanmu. Ni kuwa ban amsa ba, sai zoɓo nake aika masa ta hannun Rifkatu, ina mamakin yadda har yanzu bai gane ba.

Da aka tashi, na same shi a gindin mangwaron nan yana jiran ƙanwarsa. Ashe ta taga ya ji kome.

Ya ce, "Malama Kyauta, misali ya yi. Amma gobe zan hau mota. Na sha zoɓo gora uku, na duba kowace ciki da waje, ban ga amsa ba."

'Yan aji suna tsaye, kunnuwa a buɗe.

Na ce, "Dogara, zan jira ka. Ko shekara nawa ce, zan jira. Na yi alkawari."