Awaki da Dakalin Muntaka

Akwai wani baduku da aka yi a Matameye, sunansa Muntaka, a zamanin da Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Daga bakin malamina na ji labarinsa, a Dungu, muna zaune gindin wani icce. Ko gawo ne ko kanya, yanzu ba zan iya tuna muku ba. Abubuwa da yawa sun zube mini, amma wannan ya zauna daram.

Muntaka gwani ne a sana'arsa. In ya ɗinka maka takalmi, sai ka gaji da shi bai tsinke ba. Aibinsa ɗaya ne: yana ganin duk garin ba wanda ya kai shi hangen nesa. In an yi ruwa sai ya ce tun jiya ya sani. In ba a yi ba, shi ma tun jiya ya sani.

A wata shekara, bayan an gama yankan hatsi, wata irin mura ta shigo ƙasar, mai zazzaɓi da tari. Cikin kwana biyu sai ta kwantar da gida guda. Ta tafi da mutane da dama, Allah ya jiƙan su.

Wata rana wani gardi, cikin masu jar hular nan da ke yi wa Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, aiki, ya kawo wa Muntaka gyaran takalmi. Yana jira sai bakinsa ya kuɓuce.

Ya ce, "Gobe ce kasuwar ƙarshe. Kumandan ya ce a rufe ta, a tare hanyoyi, sai ciwon ya wuce. Ko ayarin gishiri ba zai shigo ba."

Nan take zuciyar Muntaka ta kama aiki. Hatsi kowa yana da shi a rumbu. Kuka da kuɓewa ana samu a gida. Gishiri ne kaɗai ke zuwa daga nesa, ga shi ayarin bana bai iso ba, na bara kuma ya kusa ƙarewa.

Da safe ya ɗaura wa jakunansa biyu duk jemammun fatun da yake da su, ya bi hanyar arewa. Can bayan gari ya tare falken da ke kawo gishiri kasuwa. Ya ba shi fatun, ya karɓe gishirin gaba ɗaya. Kantu ne irin na Bilma, manya, kowane kamar ƙaramin turmi a kife. Malamina wani lokaci ya ce bakwai, wani lokaci ya ce tara. Mu bar shi a bakwai.

Ya lulluɓe kayan da ɗanyar fata mai wari, ya ratsa gari. Duk wanda ya gamu da shi sai ya toshe hanci ya ba shi hanya.

Da hantsi mai shela ya buga gangarsa tsakiyar kasuwa, ya faɗi saƙon Kumandan. Bai rufe baki ba kasuwa ta rikice.

Mata suka yi kan masu daddawa da barkono. Maza suka yi kan masu man gyaɗa. Ba mai tayawa, ba mai neman ragi. Wanda ya zo sayen kanwa ya tarar ta ƙare, sai ya kwashe albasa don kada ya koma hannu sake. Wani da ba shi da ko tunkiya ya sayi dusa buhu guda. Wata mata ta tashi da ludayi goma sha biyu, da aka tambaye ta me za ta yi da su, ta ce ita ma ba ta sani ba, ta ga dai ana saye.

Kafin azahar rumfuna sun zama wayam. Gishiri kuwa, ba wanda ya ga ko ƙwayarsa.

A gida, matar Muntaka, Baiwa, ta tsaya tana kallon kantunan.

Ta ce, "Maigida, wannan ai ko shekara goma za mu yi ba za mu cinye ba."

Ya ce, "Ke ba ki ga abin da na gani ba. In an tambaye ki, ki ce babu."

"Ni dai ba zan ce babu ba. Zan ce a tambaye ka."

Muntaka ya san matan unguwa, ba ɗakin da ba sa leƙawa. Saboda haka ya gutsuri ɗan kaɗan ya ba Baiwa na miya, ya ja ƙyauren zaure ya rufe da tsakar rana. Ya jera kantunan jikin bango, ya kwaɓa ƙasa da ruwa, ya yaɓe su sama da ƙasa. Sai ga dakali sabo, mai faɗi, mai daɗin zama.

Yana da taubashi magini, ɗan gwaggonsa, ana ce da shi Ɗan'azumi. Da shi ya kira, da ya gaya masa ba a ɗora ɗanyar ƙasa a kan gishiri tsirara. Amma mai ɓoyon abu ba ya kiran magini.

Kwana uku da rufe kasuwa, sai ga Inna Sa'a, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa. Ta tsaya daga waje, don an hana shiga gidajen juna.

Ta ce, "Muntaka, ɗana, ko kuna da ɗan gishiri? Ko na lasa ne. 'Yata Maryama ta tashi daga ciwo, ta ce miyar kamar ruwan wanka."

Muntaka yana zaune a kan dakalin, yana huda fata. Mutum ne mai tsoron rantsuwa a kan ƙarya, sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Inna, dubi zauren nan da kyau. Kin ga gishiri?"

Ta duba. Ta ce, "Ban gani ba, ɗana. Allah ya kawo mana sauƙi. Dakalin nan kuwa ya yi kyau."

Ta juya ta tafi. Haka ya sallami duk wanda ya zo.

Gari ya koma cin lami. Mata suna tace toka suna zubawa a miya, ana haɗiyar tuwo ana yamutsa fuska.

Ana nan sai ciwon ya kama Baiwa. Kwana huɗu jikinta kamar garwashi. Zazzaɓin ya sauka, amma ya bar ta ba ta iya cin komai. Muntaka da kansa ya dama mata fura, ta dawo da ita. Ya yi mata romo da gishiri sosai, ta kau da kai. Kullum ƙara ramewa take, har mundayenta suna zamewa zuwa gwiwar hannu.

Rannan ta buɗe ido ta ce da ƙyar, "Kunun tsamiya. Shi kaɗai raina ke so."

Muntaka ya birkice gidan, ba tsamiya ko silli ɗaya. Ta ƙare tun ranar kasuwar nan, ta bana kuma ba ta nuna ba. Ya bi ƙofa ƙofa yana tambaya daga nesa, kowa amsa ɗaya yake ba shi: "Ka je wurin Inna Sa'a. Ita ke da iccen tsamiya, ita ke ajiye curin ta bara."

Sau biyu yana zuwa ƙofarta yana juyowa. Da wane baki zai roƙa?

A kwanakin nan kuma dakali ya bushe. Da ya bushe sai wani farin abu ya feso a jikinsa, kamar an barbaɗa gari. Ɗanyar ƙasar ce ta tsotso gishirin ta fito da shi fili. Muntaka hankalinsa yana kan Baiwa, bai kula ba.

Awaki ne suka kula.

Da farko wata baƙar akuya ce take shigowa ta lashi gefen dakalin, ya kore ta. Washegari ta zo da 'yan'uwanta biyu. Rana ta... na manta ko ta nawa, Muntaka ya fito daga cikin gida da hantsi, ya tarar zauren ya cika maƙil. Awaki, tumaki, har da wani jaki da ya zuro kai ta ƙofa. Kowa lasa yake, ba mai ɗaga kai. Ya daka tsawa, ko gezau. Ya haye kan dakalin yana kai musu duka da fata, suna lasar ƙafafunsa.

Daidai nan Ɗan'azumi ya zo wucewa. Ya tsaya, ya dubi awakin, ya dubi farin da ke jikin ginin. Ya miƙa hannu ya dangwala, ya kai baki.

Ya ce, "Bawana! Shekara talatin ina gini, ban taɓa yin dakalin da za a sa a miya ba. Wa ya koya maka?"

"Ɗan'azumi, don Allah rage murya."

"In rage murya? Ai awaki sun riga sun yi shela. Jama'a! Ku fito ku ga mai hangen nesa! Ya hango shekara goma, bai hango akuya ba!"

Mutane suka firfito, kowa a ƙofar gidansa, tunda an hana taro. Da ma ana ta cigiyar dabbobi tun safe. Dariya ta tashi daga wannan ƙofa zuwa waccan, har masu tari suna yi suna riƙe ƙirji. Rabon unguwar da dariya tun kafin a rufe kasuwa.

Muntaka yana tsaye kan gishirinsa, kansa a ƙasa, sai ya ga Inna Sa'a ta nufo shi da ƙwarya rufe da faifai. Ya ce a ransa, yau kam zan ji abin da ban taɓa ji ba.

Ta ajiye ƙwaryar a bakin zaure, ta ja da baya.

Ta ce, "Ɗauki ka kai wa Baiwa tun da zafinsa. Tun jiya nake jin kakarinta ta katanga. Yau da safe aka ce mini tsamiya kake nema. Me ya hana ka zuwa?"

Ya buɗe faifan. Kunun tsamiya ne, yana tururi.

Ya ce, "Inna, kin ga abin da nake zama a kai?"

"Na sani tun shekaranjiya. Baƙar akuyar nan tawa ce. Ta dawo gida ta shanye ruwan alwalata, ta koma kan randa. Na ce yau akuyata ta samu abin da uwargijiyarta ta rasa."

"Kin sani, kuma kika dama?"

"To Baiwa ce ta gina dakali? Wuce ka ba ta, kunu na hucewa."

Muntaka ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya ratsa awakin ya shiga. Ya tallafo kan Baiwa, ya ba ta ludayi ɗaya. Ya jira. Bai dawo ba. Ya ba ta na biyu, na uku. A na biyar ta karɓe ludayin daga hannunsa, ta ce ai ba jaririya ba ce.

Da ya fito idonsa jajir, da gatari a hannunsa.

Ya ce, "Ɗan'azumi, kai ne magini. Ta ina ake fasa shi?"

"Ai fasa aikinka ba ya bukatar magini, bawana. Ko akuya ta kusa gamawa."

Suka fasa. Muntaka ya shimfiɗa fata a ƙofar gida, ya farfasa kantunan ya zuba. Babban gutsure ya kai ƙofar Inna Sa'a da kansa. Sauran ya ce kowa ya zo ya ɗiba, ɗaya bayan ɗaya, in wannan ya tafi wancan ya matso.

Abin da ya biyo baya shi ne malamina ya fi so a labarin, nan yakan tsaya ya yi murmushi. Ba wanda ya zo hannu sake. Ashe kowa yana da nasa dakalin. Mai tulin daddawa ta kawo daddawa. Mai albasa ya kawo albasa, har ta fara tsiro. Mai barkono, mai kanwa, mai man gyaɗa, kowa ya ajiye abin da ya yi masa yawa ya ɗauki abin da ya rasa. Mai dusa ya ba awaki, ya ce ladan aikinsu ne. Matar nan ta raba ludayinta goma sha biyu, ta ce yanzu ta gane amfaninsu.

Gishirin da ƙasa ta ɓata, mata suka jiƙa suka tace. Ƙasar kuma aka bar wa dabbobi.

Ran nan kowane gida an ɗora tukunya, kuma kowace mace, don ɗoki, hannunta ya zarce wajen zuba gishiri.

Bayan kwana uku Baiwa ta zauna da kanta, ta ce tuwo take so. Inna Sa'a ta miƙo ta katanga, da miyar kuka. Muntaka ya tsuguna yana kallon ta kai loma ta farko. Ta tauna, ta haɗiye, ta dube shi.

Ta ce, "Maigida, gishiri ya yi yawa."

Ta kai ta biyu.

Darasi: Ranar tsoro kowa kansa yake tunawa, amma ba gidan da ke da duk abin da rai zai nema. Wanda ka hana gishiri yau, wataƙila tsamiyar da za ta tashi majinyacinka tana ɗakinsa. In abu ya yi ƙaranci ka sayi daidai bukatarka, ka bar wa na bayanka. In kuma an hana ka, kada ka rama a kan mara lafiya. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta su karanta, musamman wanda katanga ɗaya ta raba ku.