Mutumin da Ya Ƙi Barin Bakin Mangaza

An yi wani mutum a Yamai, shekarar da sojoji suka karɓi mulki ana tsakiyar fari. Aka ce ya miƙa makullin mangaza ya tafi gida ya huta, ya ce ba zai bayar ba.

Tun yana saurayi yake riƙe da wannan mangaza ta hatsi a gefen unguwar Kalley, har shekarunsa suka kai na ajiye aiki. Wani sarjan ya zo da wanda zai gaje shi, ya gaishe shi da ladabi, ya kira shi Baba. Mutumin ya dube su, ya jefa makullin cikin aljihu.

"Ku je ku yi shawara," in ji shi. "Ranar da na bar ƙofar nan, garin nan ba zai ci tuwo ba."

A bakin ƙofar kuwa ga mutanen da fari ya koro daga arewa, suna zaune a layi da ƙorai a hannu, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Suka wuni ba a buɗe ba. Shi kuwa ya ƙetare gada ya koma gidansa a Harobanda, zuciyarsa fari ƙal, wai yau za su san darajarsa.

Ya yi zaton za a kama shi, har ya shirya abin da zai faɗa a gaban manya. Ba wanda ya kama shi. Da sassafe aka kira maƙeri ya sare kwaɗon, aka sayo sabo a Babbar Kasuwa. Kafin ya iso an fara awon jar dawa.

Ya 'yan uwa, da nan ya tsaya, da ya tsira. Amma bai tsaya ba.

Kullum sai ya sa kakinsa, ya ƙetaro kogin da ya janye har tsibiran yashi suka fito, ya zauna ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro yana fuskantar mangazar. Jira yake a yi kuskure a zo a roƙe shi. In buhu ya fashe, sai ya yi murmushi. In kamyon, wato babbar motar hatsi, ya makara, sai ya ji sanyi a ransa. A hankali ya zama mai fatan yunwa ta daɗe, don dai a tuna da shi. Wane irin ciwo ne wannan, mutum ya so wa jama'a wahala don a ce ba a iya yi sai da shi?

In rana ta take, sai gyangyaɗi ya ɗauke shi. Sai ya ga Yamai ta tsaya cik. Kwale-kwale sun daskare a tsakiyar ruwa, taɓarya ta maƙale a sama ba ta sauko cikin turmi ba, ladan ya buɗe baki amma murya ba ta fita, kowa ya juyo yana jiran isowarsa. Sai ya farka ya ji daka na tashi a bayan katanga, masu awo suna dariya, ba wanda ya ko dubi inda yake.

Matarsa Zeinabu ta kwanta ciwo. 'Yarsu Habsatu, mai aikin jinya, ita ta riƙe gidan. Ta yi jinyar uwa, ta ciyar da ƙanne, ta je aiki ta dawo, ba ta kai kuka wurin kowa ba. Rannan ta tako da ƙafa har gindin bishiyar ta ce masa jikin ya yi tsanani.

"Baba, Inna tana kiran sunanka. Nan ba mai kiranka."

Ya ce ta yi gaba, yana tafe. An kawo sabbin buhuna, yau ɗin nan lissafi zai rikice musu, in ya tashi za su neme shi su rasa. Habsatu ta juya ta koma gida ita kaɗai.

Lissafi bai rikice ba. Da la'asar ya isa gida, ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maƙwabta sun riga sun kai Zeinabu makwancinta.

Daga baya ruwa ya sauka, masu gudun fari suka koma garuruwansu, aka daina rabo. Shi bai daina zuwa ba, don ba shi da wani wurin zama a duniya sai nan. A gindin bishiyar aka tsince shi wata ranar kasuwa. Aka yi masa sutura, aka koma ciniki. Yanzu wata mai ƙosai ce ke zama a inuwar.

Ya 'yan uwa, tsayawa kan magana abu ne mai kyau, in gaskiya aka tsaya a kai. Shi wannan a kan girman kansa ya tsaya. Aikin da ke hannunka aro ne. Wani ya riƙe shi kafin kai, wani zai riƙe shi bayanka, kuma gari zai ci tuwonsa. Ya tsaya bai tanƙwara ba, tsayuwar kuwa ta ci masa yinin mayunwata da zai amsa a gaban Ubangijinsa, ta ci masa bankwana da matarsa, ta ci masa sauran kwanakin da aka ba shi don ya tuba.

Allah ya ba mu ikon sakin abin da lokacinsa ya wuce tun muna da numfashi. Allah ya kiyaye mu. Amin.