Takardar Salama da Jar Wuta

Akwai wani manomin dankali a wani ƙauye na kan tudu, mutum mai tsoron Allah, mai tsoron sauran abubuwa kuma. Yana tsoron fari, yana tsoron ruwa ya yi yawa, idan shekara ta yi kyau sai ya shiga tsoron ta baɗi. Yana da 'ya guda ɗaya, Briskila, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kiranta.

Briskila ta gama karatun jinya, aka ba ta aiki a wani ƙaramin asibiti can ƙasa cikin kwari. Tsakanin gida da asibitin akwai dogon gangare mai kwana-kwana, dutse ta hagu, rami ta dama. Kullum a bayan ɗan acaɓa take sauka, kullum uban yana tsaye a ƙofar gida yana tunanin duk abin da zai iya faruwa, har da wanda bai taɓa faruwa ba. Da ta koyi tuƙi ta karɓo lasisi, sai ya ce a ransa, "Gara ƙarfe ya kewaye ta." Ya sayar da dankalinsa na shekarar, suka shiga gari neman mota ta hannu daidai ƙarfinsu.

Suka fara da gidan wata tsohuwar malamar makaranta, wadda idonta ya yi rauni ta daina tuƙi. Motarta ta koɗe, har ba a iya rantsuwa a kan launinta na asali. Tun ba a tambaye ta ba ta fara bayani.

"Ƙofar bayan nan sai an buɗe ta daga waje. Rediyo ya riga mijina tafiya. Oda tana yi, amma kamar akuya mai mura."

Briskila ta shiga ta murɗa makulli. A allon da ke gaban direba wata 'yar jar wuta ta kama, ta ƙi mutuwa. Manomin ya ja da baya.

"Mama, wannan fa?"

"Ta birki ce. Sauke birkin hannu, 'yata, za ta mutu. Ranar da kika sauke ba ta mutu ba, to man birki ya ragu, kada ki motsa sai an duba. Ta sha ɓata mini safiya, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

A cikin dukan maganar nan kalma biyu manomin ya ji, birki da ragu. Ya yi godiya, ya ce za su yi shawara. Da suka fita ya ce wa 'yarsa, "Uwata, motar da mai ita da bakinta take faɗin wannan, kina tsammanin wanda ta ɓoye ya kai ina?"

Suka wuce wurin wani dillali. Ga wata mota a gindin bishiya tana walƙiya, an wanke ta har tayoyin an shafa musu mai. Manomin bai tambayi shekarunta ba. Abin da ke cin ransa ya tambaya.

"Tana nuna jar wutar birki?"

"Dattijo," in ji dillalin, "tun da motar nan ta shigo hannuna, ban ga wannan wuta da idona ba."

A nan dai gaskiya ya faɗa.

Manomin ya leƙa ciki. A kusurwar allon gaban direba an manna wata 'yar takarda mai hoton kurciya da gicciye, an rubuta SALAMA da manyan baƙaƙe. Fuskarsa ta saki.

"Ashe mai motar ɗan'uwa ne cikin Ubangiji?"

"Ɗan'uwa? Dattijon ikilisiya ne ma. Sujada kawai yake zuwa da ita, ran Lahadi, a hankali."

Na lura cewa kusan duk motar hannu da ke ƙasar nan ta wani dattijo ce da sujada kawai yake zuwa da ita. Inda suke ajiye su ran Lahadi ne ban gano ba tukuna.

Briskila ta murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau. Ta dubi allon, ta sake duba.

"Baba, a makarantar tuƙi an ce mana kada mu tashi sai mun ga wutar birki ta kama ta mutu. Ni ban gan ta ba. Ko tana ƙarƙashin takardar nan?"

Ta sa farce a bakin takardar.

"Uwata! Salama za ki ɓare? Da hannunki?"

Ta janye hannu. Ita yarinya ce mai biyayya, motar kuma tana da rediyo mai daɗin murya da launin da take so, saboda haka biyayya ba ta yi mata wuya ba a ranar.

Suka saya. Ran Lahadi bayan sujada aka kewaye motar aka yi mata addu'a. Hannuwa da yawa suka sauka a kan bonet, murfin injin, babu wanda ya ɗaga shi. Manomin ya daina tsayuwa a ƙofar gida, har maƙwabta suka ce ya yi ƙiba.

Bayan 'yan makonni Briskila ta ce, "Baba, birkin nan ya yi laushi. Kamar burodi nake takawa."

Uban ya tuna yadda barci yake da daɗi a kwanakin nan. Ya ce, "Ƙafarki ce ba ta saba ba. Ba komai, Allah na nan."

Sai ya zama wata safiya bayan an kwana ana ruwa, yana gona, ya hango ɗan acaɓan da yake ɗaukar Briskila a da ya nufo shi a guje, yana ratsa kunyoyi.

"Baba, hau."

"Lafiya?"

"Hau dai, Baba."

Ya hau, fartanya na hannunsa bai san bai ajiye ba. Suka kama gangaren. A kowace kwana yakan leƙa ramin nan na dama, ya kau da kai, ya sake leƙawa. Ya so ya tambaya, ya ji tsoron amsa. Ya so ya yi addu'a, bakinsa ya kasa wuce sunanta. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙirga masifu a ƙofar gida, ga shi ta zo, kuma duk ƙirgen bai taimake shi da komai ba.

A kwana ta ƙarshe, inda dutse ya ƙare gonaki suka fara, ya ga taron mutane. Motar ta bar hanya ta shiga gonar kabeji, ta tsallake kunya ta kafe hanci cikin laka. Briskila tana zaune a ƙasa, jini a goshi, amma da ranta.

"Baba, na taka," in ji ta, "ƙafata ta tafi har ƙasa, babu komai a wurin. Na ja birkin hannu, na ga gona, na shiga."

Ya durƙusa ya riƙe ta. Mai gonar ya matso ya ce, "Barka da arziki, dattijo. Maganar kabejin sai hankali ya kwanta."

Manomin ya miƙe ya leƙa cikin motar. Makulli yana jiki. Gilashin allon ya tsage, takardar Salama ta ɓallo tana reto. A wurin da take manne, ga 'yar jar wuta tana ci. Tun yaushe take ci, babu wanda ya sani.

Motar ba ta gyaru ba. Dillalin ya yi tafiya, in ji maƙwabtansa. Motar tsohuwar malamar wani ya saya, ana ganinta tana hawa tudun tana sauka da odarta ta akuya. Briskila ta koma bayan acaɓa, uban ya koma ƙofar gida, dankali kuma sai baɗi.

Ga ma'anar misalin, ƙaunatattu. Motar ita ce rayuwar da muke tuƙawa, muke kuma miƙa wa 'ya'yanmu makullinta. Jar wutar ita ce lamirin da Allah ya sa a cikinmu, ita ce kuma ɗan'uwan nan da ba ma son zama kusa da shi domin yakan faɗi abin da ya gani. Dillalin ba ya bukatar fassara, kowa ya taɓa haɗuwa da shi, wasunmu a madubi.

Takardar kuwa ita ce kyakkyawar magana da aka ajiye inda bai kamata ba. Kalmar salama ba ta yi laifi ba, addu'ar da aka yi ma ba ta yi ba, Allah kuma yana nan kamar yadda manomin ya faɗa. Shi ne ma ya kunna wutar. Amma mu mun iya manne. Yaro ya fara dawowa gida da wani wari a baki, mu ce ba komai. Miji da mata sun daina magana sai gaisuwa, a tambaye su su ce lafiya lau. Zuciya ta ce abin nan da kake yi ba daidai ba ne, mu ƙara murya a waƙa. Da baƙar leda muka rufe, da wani ya ɓare mana. Da yake da sunan Allah muka rufe, kowa yana jin nauyin sa hannu.

Manomin ya ce lafiyar 'yarsa ya je saye. Barcinsa ya sayo, da ranta kuma aka kusa biya. Wanda ya faɗa maka laifin motarsa ya fi ƙaunarka a kan wanda ya wanke maka taya.

Saboda haka a makon nan kowa ya dubi allon gabansa, ya nemi kusurwar da ya fi jin tsoron taɓawa, ya sa farce. Salamar da ta Allah ce ba za ta lalace don an leƙa ƙarƙashinta ba. Kuma ba kowane gangare ne yake da gonar kabeji a ƙarshensa ba.