Sallamar Tsakar Rana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurara, Kaka.

A bakin teku akwai wani dutse da maƙwabta biyu ke shan hantsi a kansa. Ga Karen Teku, ƙato mai santsin jiki da gashin baki, a lokacin yana da ƙafafu huɗu. Ga kuma Katantanwa, 'yar mitsitsiya mai yawo da ɗakinta a baya. Gizo kuwa ya daɗe yana ƙyashin dutsen nan.

Ran nan da rana tsaka iska ta tsaya cak, ruwa ya ja baya. Sai ga murya daga ƙarƙashin teku, siririya kamar ta tsohuwa: "Salamu alaikum, masu dutse."

Katantanwa ta shige ɗaki, ta ja ƙyaure. "Kada ka amsa, maƙwabci," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wanda ya amsa shi take ɗauka."

Karen Teku ya yi gum, amma abin ya tsaya masa a rai, don tun yana ƙarami bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba.

Kashegari muryar ta matso gindin dutse. Ya sake yin shiru. Gizo ya leƙo ya ce, "Assha, Malam. Katantanwa ƙanƙanuwa ce, wa zai ga laifinta? Amma kai da girmanka, baƙuwa ta yi sallama har sau biyu?"

Rana ta uku muryar ta zo daidai bayan kunnensa, har yana jin sanyin numfashinta. "Salamu alaikum, Karen Teku."

"Yi shiru," in ji Katantanwa.

"Ana kallonka," in ji Gizo.

Wawan naku, kunya ta fi masa tsoro. Ya ce, "Amin, alaikumus salam."

"Madalla," in ji muryar.

Wasu hannuwa masu sanyi suka cafke ƙafafunsa, suka yi ƙasa da shi. Ya yi ta kokawa har la'asar. Ya dai fito, amma ƙafafun ba su fito ba. Shi ya sa har yau yake jan ciki, in ya ɗago kai daga ruwa sai ya waiwaya.

Gizo ya haye dutse ya miƙe ƙafa. Rana na yin tsaka iska ta tsaya, ruwa ya fara ja baya. Bai tsaya jin sallamar ba, ya ranta a na kare.

To, jikokina, ladabi abu ne mai kyau, amma ku san mai kiranku kafin ku amsa, kuma kada ku raina gargaɗi don mai yin sa ƙarami ne.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare nan.