Ƙwayar da Kabula Take Yankawa

Akwai wani mutum a garin Mwanza na ƙasar Tanzaniya mai suna Masanja, sana'arsa gabatar da shagalin biki. Bakinsa zuma, kwat ɗinsa kullum a goge. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: tsakiyar kansa ta fara yin fili.

A wani biki mai ɗaukar bidiyo ya haska shi ta baya, wani daga dangin ango ya ce, "A rage fitila mana, kan mai gabatarwa ma ya ishe mu haske." Aka kwashe da dariya. Masanja ya taya su, amma maganar ta tsaya masa a rai. A ganinsa ba mai ɗaukar tsoho ya riƙe masa biki.

Ya je wurin likitar fata, wata matashiya mai suna Dakta Mwakalinga. Ta duba shi, ta ce akwai ƙwayar da ake sha kullum. Tana cikin rubutawa ta tambaya, "Matarka tana da ciki, ko kuna nema?"

"Likita, kaina na kawo miki, ba matata ba."

"Akwai dalilin tambayar, yallaɓai."

Ya ce babu, ya fizgi takardar ya fita. Alhali matarsa Kabula tana da ƙaramin ciki, bayan ɓari biyu da suka kusa tafiya da ita.

A shagon aski abokinsa ya ba shi dabarar da mazan unguwa suke yi: ka sayi babbar ƙwayar, ka raba ta huɗu, ya fi araha. Haka ya yi. A gida kuma ya ce wa Kabula maganin hawan jini ne, don kunya ba za ta bar shi ya ce na sanƙo ba ne.

Kabula mace ce mai hidima. Da ta ga yana fama da reza, sai ta karɓe aikin. Kullum da safe ta yanka ƙwayar da wuƙar kicin, ta tattara garin da yatsa, ta ajiye masa kusa da shayi da gurasar chapati. Shi kuwa gogan yana gaban madubi yana leƙen tsakar kai.

Gashi ya fara tsirowa. Ya koma asibiti yana taƙama, har da sunkuyar da kai a gani. Cikin surutu ya ce, "Madam ma namiji za ta haifa, hoton ciki ya nuna. Ita ce ma take yanka mini maganin."

Likitar ta ajiye biro. "Ita take me?"

"Yankawa."

"Da hannunta? Tana da ciki?"

Ta yi masa bayani a hankali. Ƙwayar tana da rufi ne don kada a taɓa cikinta. Mai ciki ba ta taɓa fasasshiya, domin idan ta shiga jiki tana iya taɓa halittar al'aurar jariri namiji. Ta ce haɗarin taɓawa ba shi da yawa, amma ba za ta iya rantse masa ba sai an haihu.

"Abin da na so gaya maka ke nan ran nan," in ji likitar.

Masanja bai san yadda ya isa gida ba. Ya tarar da Kabula tana tuƙa tuwon ugali, ciki ya turo gaba. Ya kwashe ƙwayoyin da wuƙar, sannan ya durƙusa ya faɗa mata komai.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Ni da nake roƙon Allah ya sauke maka jini," ta ce. "Ashe gashi muke nema."

Daga ranar tsoro ya tare a gidan. Aka sake hoton ciki, aka ce ba a ga komai ba, amma hoto ba ya nuna komai da komai. Masanja yana tsaye a biki yana sa mutane dariya, hankalinsa yana gida. Duk yaron da ya gani a goye sai ya kau da kai. Kabula kuwa ta kan wanke hannu har fatar ta yi fari.

Ranar haihuwa ungozoma ta miƙo masa jariri a naɗe cikin zanen kanga. Ya fara kwance zanen daga ƙasa. Lafiya lau. Ya sake dubawa. Lafiya lau.

Kabula tana kwance tana kallonsa, muryarta a dishe ta ce, "Baban yaro, kowane uba fuskar ɗansa yake fara gani. Dubi inda ka kai mu."

Sai a lokacin ya ɗaga ido ya kalli fuskar. Ya fashe da kuka, har hular da yake rufe sanƙonsa da ita ta faɗi, bai ko waiwaye ta ba.

Darasi: Idan likita ya yi maka tambaya, ka amsa gaskiya ka kuma tsaya ka ji dalili. Kada ka sauya magani da shawarar majalisa, kada ka ɓoye wa iyalinka abin da kake sha, don wani lokaci ba kai kaɗai abin yake shafa ba. Ku tura wa mazan da kuka sani, musamman masu mata da juna biyu.